Yadda ake tsara manhajar waya da ɗan kasuwar Tahoua zai yi aiki da ita ba tare da malami ba

Matasanmu da suka iya rubuta manhaja sun ƙaru, wasu a jami'ar Tahoua suka koya, wasu a Yamai, wasu ta YouTube cikin dare lokacin da mega ke araha. Aikin ciki sun iya shi. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da manhajar ta bar kwamfutarsu ta faɗa hannun mai shago ko dillalin albasa: ya buɗe, ya dudduba, ya ce "Allah ya yi albarka", ya rufe, shi ke nan. Galibi ba abin da ya lalace. Fuskar manhajar ce aka tsara wa wani mutum daban, wanda ke zaune cikin inuwa, yana karanta Faransanci tiryan-tiryan, rezo kuma bai taɓa yanke mishi ba.

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe: manhajar rubuta bashi, wa ya karɓi kaya, nawa ya biya, nawa ya rage. Wanda ke gina ta adashe ko ta sayar da taki zai iya bin sawu ɗaya.

Mataki na 1: ka bar kwamfuta a gida, ka tafi kasuwa

Ranar Lahadi, da kasuwar Tahoua ke cika, ka nemi izinin wani mai shago ka zauna gefensa daga hantsi zuwa azahar. Kada ka tambaye shi irin manhajar da yake so, ba zai iya faɗa maka ba, kuma ba aikinsa ba ne. Ka kalli kayen da yake rubuta bashi. Da wane suna yake rubuta mutum, sunan yanka ko laƙabi, ko kuwa "matar mai gyaran babur"? Da boko ko da ajami? Idan an biya, soke layin yake yi ko sabon layi yake buɗewa? Ka lura da hannun da ke riƙe da waya lokacin da ɗayan ke miƙa canji. Ka duba wayar kanta: Tecno ce, Itel ce, gilashin ya tsage, wurin ajiya ya cika da bidiyon WhatsApp?

Abu mafi muhimmanci da za ka gano a nan shi ne wa ke danna wayar. A 2010, bayan farin da aka yi, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tahoua, wasu hannu da hannu, wasu ta Zap, tsarin aika kuɗi na kamfanin Zain wanda Airtel ya saye a shekarar. Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts a Amurka, da abokan aikinta sun bi diddigin shirin. Masu karɓar mata ne, yawancinsu ba su yi boko ba, kuma wayar suke ɗauka su kai wa wakili ya fitar musu da kuɗin. Har yau tsarin bai canza sosai ba: mai kuɗin daban, mai dannawa daban, ɗa ne ko yaron shago ko wakili. Saboda haka manhajarka mutum biyu za ta yi wa aiki, wanda ke dannawa da wanda ke leƙowa ta kafaɗarsa yana son ya tabbatar ba a cuce shi ba.

Mataki na 2: ka zaɓi aiki guda

Ka rubuta duk abin da kake son manhajar ta yi, sannan ka tambayi kanka wanne ake yi sau talatin a wuni. A misalinmu biyu ne: rubuta sabon bashi da rubuta biya. Su ne za su zauna a allon farko, manya. Rahoton wata, zanen riba, sauya harshe, duk su koma baya. Rajista da imel kuwa ka cire ta gaba ɗaya. Lambar waya ta isa, kuma ko ita kada ka nema sai mutum ya rubuta bashinsa na farko ya ga amfanin abin.

Mataki na 3: ka zana a takarda

Ka yanka kwali daidai girman waya, kowane allo da kwalinsa, ka zana da bik. Ka miƙa wa mai shagon kwali na farko ka ce ya taɓa inda yake ganin ya dace, kai kuma ka ɗora mishi kwali na gaba kamar kai ne wayar. Abin dariya ne a ido, amma mutane sun fi sakin jiki su kushe zanen bik da su kushe abin da suka ga an sha wahalarsa. Gyaran kwali minti biyar ne.

Tun a nan za ka yanke hukunci kan zurfin manhajar. Binciken da Indrani Medhi ta jagoranta a cibiyar Microsoft da ke Bangalore ta Indiya, kan mutanen da karatunsu bai yi nisa ba, ya nuna jerin zaɓi mai rassa, wato ka shiga wannan ka sami wani jerin a ciki, yana ɓatar da su, kuma da yawa ba su gane akwai sauran abu a ƙasan allo sai an ja. Don haka kowane aiki ya ƙare cikin allo uku: zaɓi mutum, saka kuɗi, tabbatar. Idan jeri ya zarce allo, ka bar layin ƙarshe ya yanke a rabi, ido ya gane da saura. Alamar nan mai layi uku da ake ɓoye komai a bayanta a saman kusurwa, ni dai ban ga amfaninta ga mutanenmu ba. Kamar mai shago ne ya ɓoye sukari ƙarƙashin tebur yana jiran a tambaya. Ka jera wuraren zuwa a ƙasan allo, uku ko huɗu. Ƙa'idar Google ta ce daga uku zuwa biyar.

Mataki na 4: yatsa da rana

A 2013 wani mai tsara manhaja, Steven Hoober, ya lura da yadda mutane ke riƙe waya sau 1,333 a tituna da tashoshi da wuraren cin abinci. Cikin masu taɓa allo, kashi 49 cikin ɗari da hannu ɗaya suke yi, 36 su riƙe da ɗaya su taɓa da ɗayan, 15 da hannu biyu. Ɗan kasuwa ya fi kowa zama mai hannu ɗaya. Maɓallin da aka fi dannawa ya sauko ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa, na gogewa kuma ya yi nisa da shi.

Google na ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza dp 48 tsawo da faɗi (dp ma'aunin tsawo ne a allon Android), kusan milimita 9 ke nan, da tazarar dp 8 tsakanin biyu. Apple na cewa 44 a nasa ma'aunin. Wannan ƙarshen ƙanƙanta ne. Ga yatsan manomin albasa na Galmi da ya sha fartanya, ga busasshen fatar hunturu da gilashi ba ya saurin ji, ka kai babban maɓalli dp 56 ko 64, ya cika faɗin allo. Ka kuma janye shi kaɗan daga baki, domin gilashin da ya faɗi a kusurwa yake fara mutuwa.

Sai rana. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, hasken kuma ya wanke allon ƙaramar waya tas, ga mai ita ya rage hasken don caji ya kai shi dare. Ƙa'idar WCAG, wadda duniya ke bi wajen sauƙaƙa shafuka ga masu raunin gani, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, manyan haruffa 3 bisa 1. Rubutu ruwan toka a kan fari, wanda matasa ke so don ya yi kama da na manyan kamfanoni, ba ya ganuwa a rumfar kasuwa. Baƙi a kan fari, shi ke nan. Ka fita da wayar tsakar rana ka duba da idonka. Kuma kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo: ja na bashi, kore na biya, to, amma kowanne da kalmarsa da alamarsa.

Girman rubutu kada ya gaza sp 16 (sp ma'aunin girman rubutu ne a Android), kuma ka auna shi da sp ɗin don ya bi zaɓin mai waya. Tun daga Android 14 mutum na iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin ɗari, dattawa kuma suna yi. Ka ninka a taka wayar ka ga ko adadin kuɗi ya yanke.

Mataki na 5: kuɗi, inda ake yin asara

A nan nake son ka fi daɗewa. Mu da dala muke lissafi, waya kuma da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jikka 1000. Alhaji ya ce wa yaronsa "rubuta mata ɗari biyar", yana nufin jikka biyu da rabi, sefa 2500. Yaro ya danna 5, 0, 0. Manhaja ta ajiye sefa 500, kashi ɗaya cikin biyar na bashin, ba wanda ya yi ƙarya, kuma ranar biya sai rigima. Duk manhajar da aka kwafo tsarinta daga waje tana da wannan ramin.

Ga yadda ake cike shi. Yayin da mutum ke danna lamba, ƙarƙashinta a rubuta adadin da baƙaƙe yadda ake faɗarsa a kasuwa: ya danna 2500, ya ga "jikka biyu da rabi", ya danna 500, ya ga "dala ɗari". Nan take yaron zai gane ba abin da Alhaji ya faɗa ba ne. Na biyu, ka ba shi hanyar da ba ta buƙatar lissafi: maɓallai masu kamar takardun kuɗi, 500, 1000, 2000, 5000, 10 000, kowanne da launin takardarsa, ta jikka ja, ta jikka biyu shuɗiya, ta jikka biyar koriya. Ya taɓa ta jikka biyu sau ɗaya, ta dala ɗari sau ɗaya, jimla ta hau sama. Haka yake ƙirga kuɗi a hannunsa dama. Zane mai sauƙi da launi da lamba ya isa, ba sai hoton takardar ba.

Yadda ake rubuta lambar ma abin lura ne. Wanda ya yi makaranta a Nijar ya saba da 12 500 F, da fili a tsakiya, domin a Faransanci waƙafi na nuna ɓangaren lamba. Idan wayar tana kan Ingilishi ta nuna 12,500, wani zai karanta sha biyu da rabi. Ka tilasta tsarin fili, ka cire ɗigo da waƙafi daga allon lambobi tunda ba ma amfani da santim, kuma allon lambobi zalla ya buɗe, ba na haruffa ba. Idan masu amfani da manhajar sun haɗa da ƴan Konni, inda naira ke yawo tare da sefa, kowane adadi ya fito da sunan kuɗinsa a jiki. Lambar waya kuwa guda takwas ce, a nuna ta bibbiyu yadda muke karanta wa juna.

Kwanan wata ma haka. Mutum ba zai ce zai biya ranar 14 ga wata ba, "kasuwa mai zuwa" zai ce, ko "bayan salla", ko "in an cire albasa". Ka ba shi "Lahadi mai zuwa", "mako biyu", "wata guda" a gaba, kalanda ta zo daga ƙarshe.

Allon tabbatarwa ya ɗauki abu uku kawai, manya: sunan mutum da hotonsa in akwai, adadin da lamba da baƙaƙe, sai maɓalli mai faɗin abin da zai faru, "Rubuta bashi". Ba "To" ba, ba "OK" ba. Wannan allon na mai leƙowa ta kafaɗa ne. Abin da za a iya warwarewa kuma kada ka dame shi da "Ka tabbata?", mutane na dannawa ba su karanta ba. Ka bar mishi hanyar komawa. Amma ɗan saƙon nan na Android da ke leƙowa a ƙasa da maɓallin warwarewa, cikin ƴan daƙiƙu yake ɓacewa, mai karatu a hankali bai gama harafin farko ba. Ka sa ya tsaya har sai an taɓa wani abu.

Mataki na 6: kalma, zane, murya

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma ba doka ce za ta sa ka rubuta manhaja da ita ba, ciniki ne. Ka yi amfani da kalmomin da ka ji a rumfa: "ya ci bashi", "ya biya", "saura". Kada ka fassara jerin kalmomin Faransanci ɗaya bayan ɗaya. Saƙon kuskure ya faɗi abin da ya faru da abin yi: "Lambar ba ta cika ba, saura biyu." Ka gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a tsohuwar waya, wani salon rubutun akwati yake nunawa a madadinsu. Wurin neman suna kuma ya ɗauki "Dan" da "Ɗan" abu guda, domin ba kowa ke da haruffan a allonsa ba, ko da yake Gboard, allon haruffa na Google, na da Hausa.

Kowace alama da kalma a ƙarƙashinta. Zanen faifan ajiya na kwamfutocin da, ko na aljihun fata na Turawa, ba ya nufin komai ga wanda kuɗinsa ke cikin aljihun riga. Ka zana buhu, ka zana hannu na miƙa kuɗi, ka nuna wa mutum biyar ba tare da kalmar ba ka ji me za su ce.

Murya ita ce babbar ƙofa. Wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya a waya ba yana aika saƙon murya hamsin a wuni, ya san alamar makirufo, ya san a danne a yi magana a saki. Ka ari wannan yadda yake, kada ka ƙirƙiro sabo: maimakon rubuta bayanin bashi, ya danne ya ce "buhu biyu na masara, ɗanta ya karɓa". Kowane allo kuma da ɗan lasifika mai karanta abin da ke kai, da muryar mutum, kuma in son samu ne muryar Ba'adare. In manhajar za ta kai Abalak ko Cintabaraden, ka tanadi ta Tamajak da Fulatanci. Sharaɗi guda: kada ta yi magana sai an taɓa ta. Wayar da ta ɗaga murya tsakiyar kasuwa ta ce wance ana bin ta jikka talatin ta tona asiri, kuma ranar za a goge ta.

Mataki na 7: ka ɗauka babu rezo

Duk abin da aka rubuta ya fara zama cikin wayar, a tura shi daga baya in rezo ya dawo. Mutum ya ga alamar "an ajiye" nan take, wata alamar daban ta nuna "an tura". Alamun WhatsApp na ƙarƙashin saƙo sun riga sun koya wa kowa wannan bambanci. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da ƙayyade iyakokin haƙurin mutum: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ji yake nan take ne, daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai yanke ba, bayan goma hankalinsa ya tafi. Idan maɓalli bai nuna ya ji ba, za a sake danna shi, bashi ya shiga sau biyu. Da an taɓa shi ya canza launi ya kulle kansa.

Ka sayi wayar gwaji mafi araha, irin mai Android Go da Google ya fitar a 2017 don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, ka cika ta da hotuna, ka yi aiki da ita. Kira zai shigo ana tsakiyar rubutu, caji zai ƙare. In an dawo, abin da aka fara ya kasance yana nan.

Masu ƙaramar waya mai maɓallai ta SMS ko USSD, wato lambobin nan da ake dannawa da * da #, za ka kai gare su. Allon USSD ba ya wuce haruffa 182, kuma layin na yankewa in an daɗe, don haka zaɓi huɗu ko biyar, gajeru. SMS na ɗaukar haruffa 160, amma da ƙ ko ɗ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, saƙo guda ya zama biyu ko uku, kuɗin ma haka. A saƙon tunatarwa ka zaɓi kalmomin da ma'anarsu ba ta rikicewa in an cire lanƙwasa.

Mataki na 8: gwaji da mutum biyar

Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar na tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gara gwaji uku na biyar-biyar da guda na sha biyar. Ka haɗa da dattijo, da yaron shago, da mace mai sana'a a gida, wadda ya fi dacewa mace ce ta je wurinta. A wurin aikinsu, a wayarsu.

Babban abokin gabanka a nan kara ce. Ba wanda zai dubi idon ɗan unguwarsu ya ce aikinsa bai yi ba. Don haka kada ka tambayi ko ta yi kyau. Ka ba da aiki:

"Baba, ba ku nake gwadawa ba, wayar nake gwadawa. A ce Hajiya ta karɓi shinkafa ta jikka bakwai, za ta biya Lahadi. Ku rubuta mata."

Sai ka yi shiru, hannunka a aljihu. Zai ɗago ya ce, "Yaro, nan zan taɓa?" Ka ce, "Ina kuke gani, Baba?" Shirun na da wuya, amma duk inda ka taimaka ka binne matsala. Ka rubuta inda yatsa ya tsaya yana shawagi, inda ya koma baya, inda ya miƙa wa yaro wayar. Wanda ya ce "ta yi kyau ƙwarai" alhali bai kai ƙarshen aikin ba, abin da yatsansa ya yi za ka rubuta. Ka ba kowa ɗan abin goro don lokacinsa, ka nemi izini kafin hoto ko ɗaukar murya. Sunayen masu bashi da lambobinsu bayanan sirri ne, akwai dokar kare su a Nijar da hukumar HAPDP mai kula da ita, saboda haka da sunayen ƙarya ake gwaji. Waya kuma yawo take tsakanin ƴan gida, ka sa lambar sirri mai guda huɗu kafin a ga jerin bashi.

Ka gyara manyan matsaloli uku, ka nemi wasu sababbin mutum biyar.

Bayan an saki manhaja

Da yawa cikin masu amfani da ita ba karanta maɓalli suke yi ba, wurinsa suka haddace: na ƙasa, sai na dama, sai kore. A USSD ma lambobin suke haddacewa, ɗaya, uku, ɗaya. In ka sabunta ka sauya musu wuri don ya fi kyau a idonka, ka mayar da su ranar farko, wani ma ya danna gogewa a inda biya yake da. Sabon abu ya shiga ƙarshen jeri, tsofaffin su zauna inda suke.

Ka kuma sani ba kowa zai ɗauko ta daga Play Store ba. Ta Xender za ta bi daga waya zuwa waya, har Madawa da Keita, kuma tsohon zubin da ka saki bara zai ci gaba da yawo. Ka bar babbar kwamfutarka, wadda manhajar ke tura wa bayanai, tana karɓar saƙonsa, ka rubuta lambar zubi a ƙasan allon farko, domin in an kira ka da ƙorafi ka fara da tambayar wace lamba ce a rubuce a wurin.